Yaro ya yi amai bayan shan maganin damina: A ci gaba ko a dakata?

Duk shekara da zarar damina ta kankama, masu rabon maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro kan bi gida-gida a jihohin Arewa suna cigiyar yara 'yan ƙasa da shekara biyar. Sukan jiƙa ƙwayoyi biyu a ɗan ruwa a ba yaro a gabansu, sannan su bar wa uwa ragowar ƙwaya biyu, ɗaya ta gobe, ɗaya ta jibi.

A wasu gidajen, waɗannan ƙwayoyi biyu na ƙarshe ba sa shiga cikin yaro. Dalilin kuma ba ɓoyayye ba ne. Yaron da ya wayi gari garau yana guje-guje a tsakar gida, sai ga shi da la'asar ya yi amai, ya ƙi tuwo, ya lafe a jikin uwarsa. Uwa ta duba ba ta ga wani sabon abu da ya shiga bakinsa ba sai maganin. Sai ta cusa ragowar a ƙarƙashin katifa, ba ta faɗa wa kowa ba. Idan masu rabon suka dawo bayan wata guda, a ce musu yaran sun tafi gidan kaka.

Babu adalci a kira wannan uwa jahila. Abin da ta gani gaskiya ne, magani yana sa amai. Abin da ba a zauna an bayyana mata ba shi ne wane amai ne na wucewa, wane ne kuma ke buƙatar a ɗauki yaro a nufi asibiti. Rashin wannan bayani ne ke sa a guji gara a faɗa gidan zago, domin yaron da aka katse wa magani yana shiga watannin Agusta da Satumba, lokacin da sauro ya fi yawa, da kariyar da ba ta cika ba.

Abin da ake bai wa yaran

A shekarar 2012 ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa ba ƙananan yara wannan magani a yankin Sahel, inda mafi yawan zazzaɓin ke aukuwa cikin 'yan watannin damina. A Najeriya an fara gwada shirin a Jihar Katsina a 2013, daga nan ya bazu zuwa sauran jihohi. Ana ba yara daga wata 3 zuwa wata 59, sau ɗaya duk kwana 28, zagaye huɗu a mafi yawan wurare, biyar a inda damina ta fi tsawo.

Magunguna biyu ne a haɗe. Na farko shi ne sulfadoksin da firimetamin, wanda mutane suka fi sani da sunan Fansidar, kuma rana ɗaya kawai ake shan sa. Na biyu amodiyakwin, shi ne ake sha kwana uku a jere. Fakitin iri biyu ne: na jarirai 'yan ƙasa da shekara ɗaya rabin ƙarfin na manyan yara ne. Saboda haka kuskure ne a ɗauki na wa a ba ƙane, ko a raba fakiti ɗaya ga yara biyu don a huta da rigima.

Dalilin da ya sa ake ba yaro mai lafiya magani yana cikin alƙaluma. Rahotannin Hukumar Lafiya ta Duniya na 'yan shekarun nan sun nuna Najeriya ce ke ɗauke da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da zazzaɓin cizon sauro a duniya, da kusan kashi ɗaya cikin uku na waɗanda yake kashewa. A Afirka kuwa, kimanin uku cikin kowane mutum huɗu da cutar ta kashe yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar.

Illar da ake sa ran gani, da wadda ba a jira

Amodiyakwin magani ne mai ɗaci, ko da yake yanzu ana yin sa da ɗan zaƙi, mai narkewa a ruwa. Shi ne ya fi jawo amai, ciwon ciki, kasala, yawan barci, wani lokaci da ɗan ƙaiƙayi ko sakin ciki. Waɗannan kan zo a ranar farko ko ta biyu, kuma su kan wuce da kansu. Yaron da ya yi amai sau ɗaya, amma yana shan nono, yana karɓar ruwa, yana fitsari, yana gane mutane, ba a cikin hatsari yake ba, kuma ba dalili ba ne na ajiye magani.

Akwai ƙa'ida game da aman. Idan ya zo cikin minti 30 da shan maganin, ana ɗauka cewa maganin ya fito, don haka a bar yaro ya huta kaɗan sannan a sake ba shi sau ɗaya. Idan a gida abin ya faru a rana ta biyu ko ta uku, sai a nemi mai rabon ko asibitin unguwa su ba da madadin ƙwayar, kada a ɗauko ta jibi a cike gurbin ta gobe. Idan kuma aman ya zo bayan awa ɗaya ko biyu, maganin ya riga ya bi jiki, ba a maimaitawa. Ba yaro magani bayan ya ɗan ci abinci, a zaune, ba tare da an toshe masa hanci an yi masa ɗura ba, yana rage aman ƙwarai. Ɗurar ma hatsari ce mai zaman kanta, domin ruwan kan iya bin hanyar numfashi.

Sai kuma alamomin da ba a kwana da su. Idan leɓe, fuska ko fatar ido suka kumbura, ko numfashi ya sarƙe, ko borin jini ya baibaye jiki jim kaɗan bayan shan magani, wannan jiki ne ke ƙin maganin, kuma mintoci ke da muhimmanci. Haka nan idan ƙuraje suka fito suna ɗurar ruwa kamar ƙuna, fata tana saɓulewa, baki ya yi gyambo, idanu suka yi ja. Wannan ita ce illa mafi muni da aka sani tattare da magungunan dangin sulfa, irin su Fansidar da Septrin. Ba kasafai take aukuwa ba, amma tana kisa, kuma tana iya ɓullowa bayan kwanaki da shan maganin, lokacin da iyaye sun manta da shi har suna zaton ƙyanda ce.

Sauran su ne idanu su koma ruwan ɗorawa kamar na mai shawara, yaro ya riƙa amayar da duk abin da ya shiga cikinsa, ya kasa kama nono, ya yi jijjiga, barcinsa ya yi nauyin da ba a iya tashinsa, ko wuyansa ya murɗe harshe ya fito waje. Wannan ta ƙarshe ita ce aka fi kai wa wurin masu ruƙiyya da zaton iska ce, alhali wasu magunguna ne ke taɓa jijiyoyi, musamman na tsayar da amai, kuma a asibiti ana warware ta cikin ɗan lokaci. Duk ɗaya daga cikin waɗannan aka gani, a dakatar da maganin, a tafi asibiti da fakitinsa a hannu.

Akwai yaran da tun farko ba a ba su maganin damina: wanda ke da zazzaɓi ko wata rashin lafiya mai tsanani a ranar, wanda ke shan Septrin, wanda ya sha Fansidar ko amodiyakwin cikin wata guda da ya wuce, da wanda jikinsa ya taɓa ƙin ɗaya daga cikinsu. Mai rabon ya kamata ya yi waɗannan tambayoyi a kowane gida. Amma wanda ke da gidaje da dama a gabansa kafin rana ta faɗi yana iya tsallakewa, don haka uwa ce ya fi dacewa ta faɗa tun kafin a jiƙa ƙwayar.

Me bincike ya gano?

A 2020 mujallar likitoci ta Lancet ta buga sakamakon bibiyar da aka yi wa shirin a ƙasashe bakwai, wato Najeriya, Nijar, Chadi, Mali, Burkina Faso, Gini da Gambiya, a shekarun 2015 da 2016. An raba maganin sau miliyoyi da dama. Rahotannin illa da suka isa ga hukuma 779 ne, 36 daga ciki masu tsanani, kuma mafi yawan waɗannan amai ne da gudawa. Ba a samu rahoton saɓulewar fata ko ɗaya ba. A ɗaya ɓangaren, binciken ya nuna maganin na kare yaro da kusan kashi 88 cikin 100 a tsawon kwana 28.

Sai dai ya kamata a karanta adadin nan na 779 da hankali. Abin da aka kai rahoto ne kawai. Uwar da ta cusa ƙwaya ƙarƙashin katifa ba ta cikin lissafin, haka ma yaron da aka yi wa jiƙo a gida ya warke. Babu shakka illar ƙanana ta fi haka yawa. Abin da alƙaluman suka tabbatar shi ne mai tsananin ba ta da yawa, domin yaron da fatarsa ke saɓulewa ba ya ɓoyuwa a ɗaki.

Wani abin da ke rikita lissafin iyaye shi ne lokaci. Damina lokacin gudawa ne, da mura, da zazzaɓi iri-iri. Idan aka ba yara dubu magani ranar Asabar, dole a samu waɗanda za su kwanta ranar Lahadi ko da ruwa zalla aka ba su. Shi ya sa zazzaɓin da ya biyo bayan shan maganin bai kamata a yanke masa hukunci a gida ba. A kai yaro a gwada jininsa, domin rigakafin yana rage kamuwa ne, bai kawar da ita gaba ɗaya ba.

Tsoron da ke da tarihi

Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake yi. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Asibitin Cututtuka Masu Yaɗuwa na Kano. Yara kimanin 200 aka sa a gwajin, 11 suka rasu, wasu suka nakasa. Iyalai sun ce ba a yi musu bayanin cewa gwaji ake yi ba, kamfanin kuma ya dage cewa cutar ce ta yi kisan. A 2009 aka sasanta da Gwamnatin Kano a wajen kotu a kan Dala miliyan 75. Wannan tabo na daga cikin abubuwan da aka riƙa ambata lokacin da Kano ta dakatar da rigakafin shan inna daga 2003 zuwa tsakiyar 2004, kuma har yau yana nan a zukatan mutane duk lokacin da aka ƙwanƙwasa ƙofa da magani kyauta.

Sannan ga abin da ya faru a ƙarshen 2008, lokacin da maganin fitar haƙori mai suna My Pikin ya yi sanadin mutuwar yara aƙalla 84 a Najeriya. An samu cewa wani sinadari mai guba, irin wanda ake sa wa a ruwan birki da na sanyaya inji, ya shiga cikin haɗin, ya lalata wa yaran ƙoda. Irin wannan gubar ce ta kashe yara kusan 70 a Gambiya a 2022 ta hanyar magungunan tari da aka shigo da su daga Indiya.

Amma a nan akwai bambancin da ya kamata a riƙe. Abin da ya faru a Kano gwajin sabon magani ne da aka yi jayayya kan amincewar iyaye. Na My Pikin kuwa guba ce a cikin kwalba, ba illar magani ba. Maganin damina ba sabo ba ne, an shafe gomman shekaru ana amfani da sinadaransa, kuma an san fuskar illarsa. Darasin My Pikin ya fi shafar kwalaben da ake saya a kemis da kasuwa, kuma alamarsa guda ce da kowace uwa za ta iya lura da ita: yaron da ke shan wani maganin ruwa, sai fitsarinsa ya ragu ƙwarai ko ya ɗauke na tsawon yini. Wannan ba ya jiran wayewar gari.

Abin takaici a labarin shi ne yawancin yaran ba su buƙaci maganin ba tun farko. Fitar haƙori kan sa dalala da ƙaiƙayin dasashi da ɗan rigima. Ba ya kawo gudawa mai tsanani ko zazzaɓi mai zafi. Idan aka ga waɗannan, wata cuta ce ta zo a daidai lokacin, kuma cewa “haƙori ne” ya sha jinkirta kai yara asibiti har lokaci ya ƙure.

Illar da ake haɗawa a gida

Iyaye kan fi zargin maganin da baƙo ya kawo, su saki jiki da wanda suka saya da kuɗinsu. Alhali kuwa illa mai yawa daga awo take fitowa, ba daga maganin kansa ba.

Yaro ba ƙaramin babba ba ne. Hantarsa da ƙodarsa, waɗanda su ne ke sarrafa magani su fitar da shi, ba su gama ƙwari ba, musamman a watannin farko. Don haka ake auna maganin yara da nauyin jiki. Yara biyu 'yan shekara biyu, ɗaya ɓulɓul ɗaya kuma tamowa ta taɓa shi, ba awo ɗaya suke sha ba.

Farasitamol ya isa misali, tunda da wuya a samu gidan da babu shi. Awonsa miligiram 10 zuwa 15 ne ga kowane kilo na nauyin yaro, a bar tazarar awa 4 zuwa 6, kada ya wuce sau huɗu a yini da kwana. Yaro mai kilo 10 ke nan zai sha miligiram 100 zuwa 150. Kwalbar da aka saba gani tana ɗauke da miligiram 120 ko 125 a kowace mililita 5, don haka murfin awo ɗaya na mililita 5 ya wadatar. Amma akwai na ɗigawa da ake yi wa jarirai, mai miligiram 100 a mililita ɗaya tak. Uwar da ta saba da waccan kwalba, ta zuba mililita 5 na wannan, ta ba ɗanta miligiram 500, ninki huɗu na abin da ya kamata. Kuma mugun halin farasitamol shi ne ba ya nuna ɓarnarsa a ranar farko. Yaro na iya yin wasansa, sai bayan kwana biyu ko uku hanta ta fara gazawa.

Hanya ta biyu ita ce ninkawa ba da sani ba. Mai kemis ya haɗa kwalba uku, na zazzaɓi, na mura, na haƙori, kuma biyu daga ciki suna da farasitamol a ƙarƙashin sunaye daban-daban. Ta uku ita ce cokalin kicin, wanda babu biyu da girmansu ya zo ɗaya. Sirinji marar allura ko murfin awon da ya zo da kwalbar ne abin dogaro.

Akwai kuma magungunan da ba na ƙananan yara ba ne sam. Asfirin ba a ba yaro mai zazzaɓi, domin yana iya jawo wata cuta mai taɓa hanta da ƙwaƙwalwa, kuma yana ɓoye a cikin wasu garin maganin ciwon kai da ake sayarwa a takarda. Tetirasaikilin, kafson nan mai launin ja da ruwan ɗorawa da wasu ke farkewa su zuba a koko don tsayar da gudawa, yana ɓata haƙoran yaro ɗan ƙasa da shekara 8 har abada, kuma gudawar ma ruwan gishiri da sukari da ƙwayar zinc take buƙata. Kodin yana danne numfashi, ba a ba ɗan ƙasa da shekara 12, kuma tun 2018 Gwamnatin Tarayya ta haramta haɗawa da shigo da maganin tari mai ɗauke da shi. Ibuprofen magani ne mai kyau a wurinsa, amma ga yaron da gudawa ko amai suka ƙarar wa ruwan jiki yana iya taɓa ƙoda. Ba yaro maganin mura don kawai ya yi barci a samu sararin aiki kuwa, wasa ne da numfashinsa.

A gefe guda, akwai abubuwan da ke tayar da hankali alhali ba komai ba ne. Maganin ƙarin jini mai sinadarin ƙarfe yana mayar da kashi baƙi. Ɗaya daga cikin magungunan tarin fuka yana mayar da fitsari ja-ja. Amoksisilin kan ɗan saki ciki. Da likita ko mai ba da magani zai ɗauki minti ɗaya ya faɗi haka tun a taga, da kwalabe da yawa ba a jefar da su a rabi ba.

Inda ake kai ƙorafi

Hukumar NAFDAC tana da cibiyar sa ido kan illar magunguna, kuma tun 2004 Najeriya ke cikin tsarin Hukumar Lafiya ta Duniya na tattara irin waɗannan rahotanni. Akwai fom mai launin ɗorawa da ma'aikatan lafiya ke cikewa, akwai kuma manhajar waya mai suna Med Safety da kowa zai iya amfani da ita. Ba sai an tabbatar maganin ne ya jawo matsalar ba, zargi kawai ya isa a kai rahoto. Ta haka ake gano gurɓataccen rukuni a janye shi daga kasuwa kafin ya kai ga wasu gidajen.

Abin da rahoton ke buƙata yana jikin kwalin: sunan maganin, kamfanin da ya yi shi, lambar rajistar NAFDAC, lambar rukuni da ranar lalacewa. Shi ya sa ƙwayoyin da aka ƙulle a leda babu suna suke da matsala biyu, ba a san me yaro ya sha ba, ba a kuma san wa za a tambaya ba. Iyaye su lura da lokacin da aka ba da maganin da lokacin da alamar ta fara, kuma idan ƙuraje ne a ɗauki hotonsu da waya, domin kafin a ga likita suna iya canja kama.

Game da maganin damina, kowane yaro yana da kati da ake yi wa alama duk zagaye. Idan ma'aikacin lafiya ya duba ya tabbatar jikin yaro ya ƙi maganin, sai a rubuta a katin, a daina ba shi, a kuma sanar da duk likitan da zai rubuta masa magani nan gaba, saboda Septrin da danginsa. Irin wannan yaro sai a ƙara tsananta masa kwana cikin gidan sauro, kuma duk zazzaɓin da ya taso a gwada jininsa a ranar. Idan kuwa aka duba aka ga aman wucewa ne, yaro zai ci gaba da karɓar nasa a zagaye na gaba, bayan kwana 28.